Hoton fim: Shin sai da kyamara mai tsada?

A shekarun baya-bayan nan matasa a ƙasashe da dama sun koma ɗaukar hoto da fim, irin wanda ake kai wa a wanke, lamarin da ya sa farashin wasu tsofaffin kyamarori ya yi tashin gwauron zabi. To amma tarihin wannan sana'a, da kuma yadda ita kanta kyamarar ke aiki, na nuna cewa kyawun hoto bai rataya a kan tsadar kyamara ba.

A shekarar 2022 kamfanin Leica na ƙasar Jamus ya sake fito da kyamararsa ta fim mai suna M6 a kan kuɗi fiye da dala dubu 5, ba tare da gilashin ɗaukar hoto ba. A 2024 kuma aka fito da sabuwar Pentax 17 a kan kimanin dala 500. Ga mai sayen kaya da Naira ko da Sefa, waɗannan kuɗaɗe ba ƙanana ba ne, musamman da yake fim ɗin kansa daga waje ake shigo da shi.

Wannan muhawara dai ba sabuwa ba ce. A shekarar 1951 wani fitaccen mai ɗaukar hoto na mujallar Picture Post ta Birtaniya, Bert Hardy, wanda ya ɗauki hotunan Yaƙin Duniya na Biyu da na yaƙin Koriya, ya yi iƙirarin cewa mai sha'awar hoto ba ya buƙatar kyamara mai tsada. Don ya tabbatar da maganarsa, sai ya ɗauki Box Brownie, wata kyamara mai kama da ɗan akwati wadda kamfanin Kodak ya ƙera domin yara da masu ƙaramin ƙarfi, ya nufi garin Blackpool. A can ya ɗauki hoton wasu mata biyu zaune a kan shingen ƙarfe a bakin teku, hoton da ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saninsa da su.

A Afrika ta Yamma ma haka labarin yake. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, wanda ya shahara da hotunan kitson mata kusan dubu ɗaya da ya fara ɗauka a 1968, da Brownie ya soma aiki a 1950. Malick Sidibé na ƙasar Mali shi ma Brownie ce kyamararsa ta farko a 1956, kuma a 2007 ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na birnin Venice. Daga baya dukkansu sun mallaki kayan aiki mafi inganci, amma a kan masu arahar suka koyi sanin haske.

Akwati ne kawai

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa yana cikin yadda aka ƙera kyamarar. A kyamarar zamani ta dijital, da kuma ta wayar salula, ɓangaren da ke kama hoto a manne yake a cikinta, saboda haka mai tsada kan zo da mai kyau, mai araha kuma da mai rauni. A kyamarar fim kuwa, fim ɗin ne ke kama hoto, kuma ana sanya sabo duk lokacin da na ciki ya ƙare.

Shi fim leda ce siririya da aka shafe da wani irin danƙo, wanda a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa masu sauyawa idan haske ya taɓa su. Nau'in da aka fi amfani da shi, mai faɗin milimita 35, yana ba da hoto mai girman milimita 24 da 36, ma'aunin da ya yaɗu tun bayan fitowar Leica ta farko a 1925. Wannan fim ɗin shi ne ke shiga Leica ta dala dubu 5, shi ne kuma ke shiga Zenit, kyamarar tsohuwar Tarayyar Soviet da aka ƙera miliyoyinta.

Aikin jikin kyamara uku ne: ya hana haske shiga ta inda bai kamata ba, ya riƙe fim a shimfiɗe, sannan ya buɗe ƙyaurensa na daidai lokacin da aka umarce shi, misali kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Muddin ya cika waɗannan, to ya gama nasa. Idan aka ɗaura gilashi iri ɗaya a kan kyamarori biyu masu lafiya, aka sa musu fim iri ɗaya, da wuya a bambance hotunansu.

Ba wai kuɗin da ake kashewa a kan manyan kyamarori na banza ba ne. Suna sayen ƙarko, da saurin aiki, da jure ƙura da ruwan sama, da ƙyauren da ba ya ƙara. Ɗan jaridar da ke fagen daga yana buƙatar waɗannan. Wanda zai ɗauki hoton iyalinsa ranar Sallah, ko hawan daba, ko kasuwar ƙauyensu, ba lallai ba ne.

Wani ɓangare na tsadar kuma yayi ne kawai. Farashin Contax T2, wata 'yar ƙaramar kyamarar aljihu, ya yi sama bayan da tauraruwar tallar kayan ƙawa Kendall Jenner ta nuna tata a wani shirin talabijin na Amurka a 2017. Ita ma Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1997 a matsayin kyamarar ɗalibai, sunan da ta yi ya sa ta fi wasu takwarorinta tsada a kasuwar kayan hannu.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda yayi ya tsallake. Kyamarorin roba na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, irin su Canon EOS 300 da Nikon F65, ba su da kyan gani, don haka ba a rububinsu. Amma ma'aunin haskensu ya fi na tsofaffin ƙarfen daidai, kuma suna karɓar gilasai masu kyau na kamfanoninsu.

Inda arahar ke da iyaka shi ne kyamarorin da gilashinsu roba ne guda ɗaya, masu gudun ƙyaure ɗaya tak, irin waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a jefar. Da rana tsaka sukan yi abin kirki. A cikin ɗaki kuwa sai dai haƙuri.

Gilashi da hannu

Idan akwai inda ya kamata a sa kuɗi, to gilashin ne, wato jerin madubban da haske ke ratsawa kafin ya isa ga fim. Abin mamaki shi ne, gilashin da ya fi araha a wurin kusan kowane kamfani yana cikin waɗanda suka fi fitar da hoto tas. Shi ne mai tsawon milimita 50, wanda akan rubuta f/1.8 ko f/2 a jikinsa. An daɗe da ƙwarewa a kan ƙirarsa, ba ya da sarƙaƙiya, kuma an yi shi da yawan gaske domin shi ake haɗawa da sabuwar kyamara a shekarun 1960 zuwa 1980. Tsofaffin gilasai masu araha da ke jawo abu kusa su mayar da shi nesa ba sa kama ƙafarsa.

A cikin gilashin akwai kafar da ake buɗawa ko tsukewa don a daidaita yawan haske, kuma lambobin f su ne ma'auninta. Ƙaramar lamba na nufin kafa a buɗe, babba kuma a tsuke. Yawancin gilasai sun fi kyau a tsakiya, daga f/5.6 zuwa f/11. A nan ne bambancin da ke tsakanin mai tsada da mai araha ke raguwa ainun, domin abin da ake biya a mai tsada shi ne ya yi kyau ko da kafar a wangale take.

Sai dai abin da ya fi ɓata hotunan masu koyo ba gilashi ba ne, rawar hannu ce. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna bi ita ce, kada gudun ƙyaure ya gaza tsawon gilashin. Mai gilashin milimita 50 kada ya sauka ƙasa da 1/60 idan a hannu ya riƙe kyamara, kuma 1/125 ya fi aminci. Idan haske ya yi ƙaranci, sai a ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku, ko katanga, ko buhun hatsi.

Fuska baƙa, riga fara

Haske shi ne inda masu ɗaukar hoto a yankin Sahel ke da nasu darasin na daban. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san abin da ke gabansa ba. An tsara shi ne ya ɗauka cewa komai, idan aka haɗa haskensa da duhunsa, zai tashi a launin toka-toka. Idan aka nuna masa mutum sanye da farar babbar riga da farin rawani a tsakar rana, sai ya ga haske ya yi yawa, ya rage abin da ke shiga. Sakamakon shi ne rigar ta fito toka-toka, fuskar kuma ta nutse cikin duhu, ba a ganin komai sai idanu da haƙora.

Da yawa daga cikin hotunan bikin aure da na Sallah da ke cikin tsofaffin kundaye haka suke, kuma akan ɗora laifin a kan kyamara. Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. Mai ɗaukar hoto zai ƙara haske da mataki ɗaya a kan abin da ma'aunin ya nuna, misali ya koma f/8 maimakon f/11.

Abin da ya sa wannan ba ya da haɗari shi ne halin fim ɗin nagatif, wanda aka fi amfani da shi. Yana jure ƙarin haske sosai, har mataki biyu ko fiye, amma ba ya jure ƙarancinsa. Inda haske bai isa ba, babu abin da fim ya kama, kuma babu mai wankin da zai iya fito da abin da ba ya nan. Fim ɗin silaid, wanda ake haskawa a bango, shi ne akasin haka, domin kuskure kaɗan ke ɓata shi, ga kuma tsada. Ba shi ne na mai koyo ba.

Akwai kuma tarihi a cikin lamarin. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa shagunan wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, don su daidaita launin injinansu da shi. Wata mai bincike a jami'ar Concordia ta ƙasar Kanada, Lorna Roth, ta bayyana a wani nazari na 2009 cewa koke-koken kamfanonin cakulan da na kayan katako, waɗanda launin kayansu ba ya fita daidai a talla, na cikin abubuwan da suka sa aka inganta yadda fim ke kama launin ruwan ƙasa. Sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ke ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Fim ɗin yanzu ya fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma har yanzu baƙar fata na son isasshen haske.

Lokacin ɗauka ma na da tasiri. Ranar tsaka tana sauko da inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hula. Hasken hantsi da na bayan la'asar ya fi taushi, haka ma inuwar zaure ko ta bishiya idan mutum ya fuskanci fili. Farin zane ko farin kwali da wani zai riƙe a gefe kan mayar da haske kan fuska. Hazon hunturu, duk da ɓarnar da ƙurarsa ke yi wa kayan aiki, yana tausasa hasken rana yadda hoton fuska kan yi kyau.

Wanda ma'aunin kyamararsa ya mutu ma ba shi da dalilin ajiye ta. Akwai tsohuwar ƙa'ida: idan rana ta fito tarwai, a sa kafa a f/16, gudun ƙyaure kuma ya yi daidai da lambar ISO ta fim, wato 1/125 ga fim mai ISO 100, 1/250 ga mai 200, 1/500 ga mai 400. Idan akwai hazo a koma f/11, idan hadari ya rufe rana f/8, a inuwa kuma f/5.6 ko f/4. Akwai kuma manhajojin auna haske a wayar salula.

Zafi da ƙura

Lambar ISO na nuna saurin kama haske. Fim mai babbar lamba ƙwayoyin azurfarsa manya ne, don haka yana aiki a wuri mai duhu, amma hotonsa kan fito da tsaki-tsaki. A ƙasar da rana ta wadata, fim mai ISO 100 ko 200, irin su Kodak Gold da ColorPlus a masu kala, ko Fomapan da Kentmere a baƙi da fari, yana ba da hoto mai santsi, kuma suna cikin mafi araha.

Babban abokin gabar fim shi ne zafi. Kodak na ba da shawarar a ajiye fim a sanyin da bai wuce maki 13 a ma'aunin Celsius ba idan zai daɗe, alhali a watan Afrilu zafi kan haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Fim ɗin da ya kwana biyu a cikin mota ko a shago mai rufin kwano launinsa kan jirkice. A sa shi a firiji cikin robarsa, a fito da shi sa'o'i kaɗan kafin amfani don kada ya yi gumi, a kuma wanke shi da wuri bayan an ɗauka. Masu shigo da shi ta jirgin sama su lura cewa sababbin na'urorin binciken kaya na CT a filayen jirage na iya lalata fim a wucewa ɗaya, saboda haka akan nemi jami'ai su duba shi da hannu.

Game da sayen kyamarar hannu, gwajin ba ya da wuya. A buɗe bayanta, a ɗaga ta ga haske, a harba a kowane gudu a ga ko ƙyauren na buɗewa yana rufewa. A haska tocila ta cikin gilashin a duba ko akwai funfuna mai kama da saƙar gizo. A duba ramin batir ko ya yi tsatsa. Soson da ke gefen murfin baya yakan narke da shekaru ya bar haske ya shiga, yana jawo jan tabo a hoto, amma sauya shi aiki ne mai sauƙi. Wasu tsofaffin kyamarori kuma an yi su ne don batirin sinadarin mercury, wanda aka daina ƙerawa, kuma batirin yanzu kan sa ma'auninsu ya yi kuskure. Kafin a je da kyamara wurin biki, a ƙona fim ɗaya na gwaji.

Wurin wanki

Ko da an kiyaye duk waɗannan, rabin aikin yana hannun mai wanki. Fim mai kala ana wanke shi ne da tsarin C-41, wanda Kodak ya fito da shi a 1972, kuma yana buƙatar ruwan sinadari mai zafin maki 37.8 na tsawon minti 3 da daƙiƙa 15. Sinadarin da ya tsufa, ko injin da ba a tsaftacewa, kan fitar da hoto mai kore-kore ko mai zane a jiki. Tun bayan da dijital ta karɓe kasuwa, har Kodak ya nemi kariya daga masu binsa bashi a 2012, wuraren wankin fim sun ragu ƙwarai, kuma inda fim ba ya shigowa da yawa sinadarin kan daɗe a cikin inji. Ya dace a nemi ganin aikin shago kafin a miƙa masa fim mai muhimmanci.

Fim baƙi da fari kuwa ana iya wanke shi a gida, da ɗan gwangwani mai hana haske shiga, da ma'aunin zafi, da sinadarai biyu ko uku. Wasu daga cikinsu tsofaffi ne ƙwarai: Rodinal tun 1891 ake amfani da shi, D-76 kuma tun 1927. Matsalar ita ce an tsara lokutan wankin ne a kan ruwa mai maki 20, don haka a ƙasa mai zafi sai an sanyaya shi da ƙanƙara. Wajen shanya kuma, ƙurar da ta manne a jiƙaƙƙen fim ba ta fita da sauƙi. Ɗakin wanka da aka yayyafa wa ruwa aka rufe ƙofarsa shi ne wuri mafi dacewa.

A yau yawancin masu amfani da fim a waya ko kwamfuta suke kallon hotunansu, bayan an kwafe su da na'urar sikana. A nan ma ana asara ba tare da an sani ba. Shaguna da dama kan ba da ƙaramin kwafi don sauri, idan kuma aka aiko shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar kan ƙara matse shi. Mutum sai ya ga hoto dishi-dishi ya yanke hukuncin cewa kyamararsa ce ba ta da kyau, alhali ainihin hoton na nan lafiya a jikin nagatif. Ya kamata a nemi babban kwafi, a karɓe shi a matsayin fayil, sannan a karɓi nagatif ɗin a adana, domin shi ne asali.

Girman nagatif

Hanya ta ƙarshe ta samun inganci ba tare da tsada ba ita ce ƙara girman fim ɗin kansa. Kyamarori masu ido biyu, irin su Yashica Mat ta Japan, da Lubitel ta Soviet, da Seagull ta China, suna ɗaukar hoto mai santimita 6 da 6, wanda ya ninka na milimita 35 fiye da sau uku da rabi. Tun da ba sai an faɗaɗa shi da yawa ba wajen bugawa a kati, ko gilashi matsakaici kan ba da sakamako mai ban sha'awa. Illar ita ce hoto 12 kawai ake samu a naɗi ɗaya maimakon 36.

Babu wanda ya nuna amfanin wannan kamar Seydou Keïta na Bamako. Kawunsa ne ya kawo masa Kodak Brownie daga Senegal a 1935, ya kuma buɗe shagonsa a 1948. Akasarin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, da zane mai ado rataye a baya, a kan nagatif mai santimita 13 da 18, wato kusan ninki 27 na fim mai milimita 35. Saboda tsadar kayan aiki, sau ɗaya yakan harba wa kowane mutum, kuma ƙananan katuna yake ba masu hoton.

Keïta ya adana dubban nagatif ɗinsa. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a birnin New York ba tare da sunansa ba, abin da ya sa wani mai harkar kayan fasaha ɗan Faransa, André Magnin, ya je Bamako nemansa. Daga waɗannan nagatif aka buga manyan hotunan da aka nuna a Paris a 1994, inda ake iya ganin zaren shadda da zanen lalle a hannun matan da suka zauna a gabansa shekaru 40 kafin nan. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka shirya babban baje kolin ayyukansa a zauren Grand Palais na birnin Paris.